Iyakar Hikimar Ɗan Adam: Darasi Daga Idi-Araba

Jama'a masu karatu, Hausawa suna da kalmomi uku waɗanda a kan haɗa su wuri ɗaya kamar abu guda ne, watau ilmi da wayo da hikima, alhali kuwa ba ɗaya ba ne. Ilmi shi ne abin da a ke koyo a makaranta ko a gaban gwani. Wayo kuwa irin na Gizo ne, a ci a hana Ƙoƙi. Amma hikima ita ce sanin abin da ya kamata mutum ya yi da ransa da abin hannunsa, da kuma ƙarfin zuciyar aikata shi. Abin da na ke so mu duba yau shi ne, ina hikimar ɗan Adam ta ke tsayawa idan an raba ta da Allah? Zan yi magana ne bisa ga bangaskiyata, domin ni Kirista ne, Bahaushe daga ƙasar Katsina, wanda neman abinci ya kawo Mushin ta Ikko tun 1981. Na sani galibin masu karanta wannan shafi 'yan'uwana Musulmi ne, ba kuwa gardamar addini na zo yi ba. Na zo ne in faɗi abin da a ke koya mana a majami'a, da kuma yadda unguwar da na ke zaune ta fassara mini shi da kyau.

Ga wanda bai san Idi-Araba ba, unguwa ce a ƙaramar hukumar Mushin. Sunan na Yarabanci ne, ma'anarsa kuwa gindin rimi. Tana ɗaya daga cikin manyan zangunan Hausawa a Ikko, kamar Agege wadda fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa suka raya. A nan za ka tarar da mahauta da teloli da 'yan ga-ruwa da masu gadi da 'yan canji, ga Bakano ga Basakkwace ga Bazazzagi ga mutumin Damagaram, har da mu Kiristocin Arewa na Katsina da kudancin Kaduna da Filato da Tangale, waɗanda a wurin Bayarabe duk sunanmu ɗaya ne, Hausa. A cikin wannan unguwa kuma a ke da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko da makarantar likitocinta, waɗanda aka buɗe a 1962. Katanga ce kaɗai ta raba su da lungunanmu. A bayan katangar nan akwai shehunan malamai waɗanda za su tsaga cikin mutum su gyara su ɗinke, bayan kwana goma ya tashi ya ci tuwo. Saboda haka mu mutanen unguwar nan ba labarin ilmi a ke ba mu ba, kullum muna ganin masu shi suna wucewa da fararen riguna, wasunsu ma a wurin mahautanmu su ke sayen tsire da dare.

Kada wani ya ji taken maganar nan ya ce ga wani maƙiyin boko ya fito. Ko kaɗan. Mahaifina kuturu ne, tun yana saurayi cutar ta kama shi, dangi suka gina masa bukka a bayan gari. A Babbar Ruga kusa da Katsina, inda mishan na SIM suka karɓi aikin kutare a 1937, aka yi ta ba shi wata ƙwaya mai suna dafson, wadda a nan Nijeriya, a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, aka tabbatar da amfaninta wajen 1950. Ya warke, ya yi aure, aka haife ni. Wanda ƙwayar likita ta zama sanadin zuwansa duniya, ina shi ina rena ilmi? Bugu da ƙari, Luka wanda ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan Bishara huɗu likita ne. Abin da addinin Kirista ya ke koyarwa shi ne, hankali da basira baiwa ce daga Allah, wanda ya bar su suka yi tsatsa kuwa zai ba da amsa. Sai dai baiwar tana da iyaka, kamar yadda fitila kome haskenta ta ke da inda haskenta ya tsaya, kuma wanda ya ƙi yarda da iyakar nan shi ne ya fi kowa kusa da rami.

A cikin Littafi Mai Tsarki, sura ta 28 ta littafin Ayuba ta zana mana mai haƙar ma'adinai, yadda ya ke kutsawa ƙarƙashin ƙasa cikin duhu ya fasa duwatsu ya fito da azurfa da zinariya. Duk sa'ad da aka karanta ta sai in tuna da masu haƙar kuza a Jos. Surar ba ta kushe gwanintar mutumin nan ba, yaba ta ma ta yi. Amma ta nuna cewa duk zurfin ramin da ya haƙa bai iske hikima a ciki ba, ba a kuwa sayenta da abin da ya haƙo, sa'an nan ta rufe da ɗaure hikima ga tsoron Allah da barin mugunta. Manzo Yakubu kuma a wasiƙarsa ya raba hikima gida biyu. Akwai ta ƙasa, wadda a ke gane ta da kishi da son kai da hargitsin da ta ke haifarwa, akwai kuma ta sama, wadda a ke gane ta da tsabtar zuciya da son zaman lafiya da tausayi. Na daɗe ina jin waɗannan a bakin fasto, amma a cikin kwana goma na shekarar 2002 na ga misalinsu da idona.

Ran Lahadi 27 ga Janairu 2002, da yamma, wuta ta tashi a wata 'yar kasuwa da ke barikin soja na Ikeja, ta ci har ta kai ga rumbun makamai. Bama-bamai suka shiga fashewa, suna tashi sama suna faɗowa a kan gidajen mutane. Mu da ke Mushin muka ji ƙasa tana rawa, kwanon rufi yana ƙara, gilasan tagogi suna zuba. Ba wanda ya san abin da ke faruwa, wasu suka ce juyin mulki ne, wasu suka ce yaƙi ne ya zo. Kowane mai hankali ya yi abin da hankali ya ce masa, watau ɗauki 'ya'yanka ka yi nesa da wuta. Dubban mutane suka nufi wajen Isolo da Ejigbo a guje, ga duhu ya shiga. A Oke-Afa kuwa akwai wani babban magudanar ruwa wanda kainuwa ta rufe shi ruf, mai gudu da dare sai ya ɗauka fili ne mai ciyawa. Na gaba suka faɗa, na baya suka yi ta turowa, ba wanda ya ke jin ihun wani. Da gari ya waye aka yi ta tsamo gawa har masu tsamowa suka gaji. Waɗanda suka rasu a wannan masifa sun haura 1,000, mafi yawansu kuwa ba bam ne ya kashe su ba, ruwa ne da turereniya, da yawa daga cikinsu kuma yara ne ƙanana.

To, jama'a, a duba wannan al'amari da kyau. Waɗanda suka ƙera bama-baman nan masana ne, sun san sinadari sun san lissafi. Waɗanda suka gina rumbun sun zaɓi wurin ne da shawara, sa'an nan gari ya bunƙasa ya kewaye shi. Waɗanda suka gudu kuwa ba wauta suka yi ba, da ni ne a Ikeja a daren nan da gudun zan yi, kai ma haka. Duk da haka hanyar da hankali ya nuna ita ce ta kai mutane ga halaka, an gudu ba a tsira ba. Wannan ita ce iyaka ta fari ta hikimar ɗan Adam, ba ta ganin gobe, kai, ba ta ma ganin taki goma a gabanta idan dare ya yi. Manzo Yakubu ya tsawata wa fataken zamaninsa waɗanda su ke tsara tafiyar shekara guda da ribar da za su ci, ba tare da sun sa yardar Ubangiji a cikin lissafinsu ba. Ba tsara tafiya ya hana su ba, gadarar da ke cikin tsarin ya ke nufi. Tun daga ranar nan idan na ji ɗan kasuwa a Agege ya ce in sha Allahu motar goro za ta tashi jibi, ko matata ta ce in Allah ya yarda za mu je gida Kirsimeti, na kan ji nauyin kalmar, domin na san ita ce gaskiyar matsayinmu. Kana naka, Allah yana nasa.

Ba a gama makokin Oke-Afa ba, ran Asabar 2 ga Fabrairu, kwana shida tsakani, sai wuta ta tashi a unguwarmu, wannan karon kuwa da hannu aka kunna ta. Kamar yadda jaridu suka ruwaito, gardama ce ƙarama a kan wurin kewayawa ta haɗa wasu matasa, kafin a ce haka ta zama faɗan Hausawa da Yarabawa. Aka kwana uku ana sara ana ƙone gidaje a Idi-Araba da kewayenta, sai da aka kawo soja sa'an nan ƙura ta lafa. Kimanin mutum 100 suka rasa rayukansu, dubbai suka bar gidajensu. Abin mamaki, mutanen da a makon jiya su ke gudu daga barikin soja don tsira da rai, a wannan mako barikin soja su ke gudu zuwa don tsira da rai. Mu Kiristocin Arewa kuwa muka rasa tudun dafawa, domin mai adda ba ya tambayar sunan majami'arka, harshenka da tsagen fuskarka sun ishe shi shaida.

A lokacin muna haya ne a gidan wata tsohuwa Bayarabiya, Musulma, mai sayar da barkono da tattasai, wadda ta yi ƙuruciyarta a Sabon Garin Kano, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, na boko ko na allo, sai surorin da ta ke salla da su. Ran Lahadi da dare ta tattara mu, ni da matata da 'ya'yanmu huɗu da wasu 'yan ga-ruwa biyu mutanen Sakkwato, ta zuba mu a ɗakin ajiyarta a tsakanin buhunan barkono, ta sa kwaɗo, ta jawo kujerarta ta zauna a bakin ƙofa. Har yau ina tuna yadda matata ta toshe hancin autanmu da gefen zanenta don kada yaji ya sa shi atishawa. Ta cikin ƙofa muna jin wani ɗan'uwanta mai ilmi yana yi mata lissafi. Ya ce gidan nan shi ke nan abin da ta mallaka a duniya, idan aka gane tana ɓoye da Hausawa za a ƙone shi da ita a ciki, gara ta fitar da mu ta ƙofar baya mu nemi sa'armu. Ba mugu ba ne, ba kuwa ƙarya a cikin lissafinsa. Can sai ga samari da adduna da galan ɗin fetur. Tsohuwar nan ta tashi ta tsaya, ta kira waɗanda ta sani da sunayen iyayensu, ta ce sai dai su fara da ita. Suka yi ta hayaniya, daga baya suka wuce.

Bayan an samu lafiya na tambaye ta, na ce, "Iya, ashe ba ki ji tsoro ba?" Ta ce, "Ɗana, na ji mana, har gwiwoyina suna karo da juna. Amma da na buɗe ƙofar nan, da wane ido zan dubi Allah?" Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta koma kan tsince tattasanta.

Ga iyaka ta biyu ke nan, ilmi da wayo ba su gyara zuciya. Waɗanda suka yi ɓarnar nan, ta ɓangarenmu da ta nasu, ba su rasa dabara ba. Sun san gidan wane da gidan wane, sun san lungun da za a tare, sun san yadda a ke haɗa fetur a kwalba. Masu rauni kuwa aka yi ta kwasarsu zuwa asibitoci, likitoci suka ɗinke Bahaushe suka ɗinke Bayarabe da zare iri ɗaya, Allah ya saka musu da alheri. Amma ƙiyayyar da ta ɗaga addar ba ta da allura. Yesu Almasihu ya koyar cewa daga cikin zuciya kisan kai da sauran mugayen ayyuka su ke fitowa, ya kuma ba da misalin wani matafiyi da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko, masana addini biyu suka ratse suka wuce shi, wani Basamariye wanda ba ƙabilarsa ba, ba kuma ɗarikarsa ba, shi ne ya tsaya ya ɗauke shi. Ni dai a daren nan Basamariyata mai sayar da barkono ce. Abin da ta ke da shi, wanda mai lissafin nan ya rasa a wannan sa'a, shi ne abin da littafin Ayuba ya kira hikima.

Na san wani zai ce, Malam, ai wannan maganar taku ce ta hana ƙasar nan ci gaba. Rumbun makamai a tsakiyar gari ba iyakar hikima ba ne, sakaci ne. Magudanar ruwa ba gada ba fitila sakaci ne. Matasa ba aiki ba sana'a sakaci ne. Idan an yi ɓarna sai ku ce haka Allah ya so, ku shafa fatiha ko ku rera waƙa, a watse, ba wanda aka tuhuma. Mai wannan magana yana da gaskiya babba, ina kuwa tare da shi. Wanda ya jingina lalacinsa ga ƙaddara ya yi wa Allah ƙarya. Amma ina roƙonsa ya ƙara taki ɗaya. Shin rashin sani ne ya kawo sakacin? Ƙasar nan cike ta ke da injiniyoyi da lauyoyi da masana tsarin gari, ba wanda a cikinsu bai san cewa wuta da albarushi ba su kwana ɗaki ɗaya ba. Sanin yana nan, abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ji tsoron Allah a kan kujerarsa, ya yi aikin da aka ba shi amana ko da ba mai ganinsa, ya ƙi cin kuɗin gada ko da ba mai kama shi. Takardar shaida ba ta ba da wannan. Littafin Sama'ila na biyu ya ba da labarin Ahitofel, mashawarcin Sarki Dawuda, wanda ba a taɓa jin shawararsa ta faɗi ƙasa ba. Da ya ga iska ta juya sai ya koma bayan Absalom mai tawaye, ya sa basirarsa duka a cikin cin amana. Ranar da aka ƙi shawararsa ya koma garinsu ya kintsa gidansa ya rataye kansa. Basira ce ba tsoron Allah, ta ci mai ita.

Idan kuwa ana son a ga abin da ilmi ya ke yi sa'ad da ya samu zuciyar da ta dace da shi, to, a dubi wata ɗiyar makarantar nan ta bayan katangarmu. Dokta Ameyo Stella Adadevoh a Idi-Araba ta yi karatun likita. Ran 20 ga Yuli 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Ikko daga Laberiya, za shi taro a Kalaba, ya faɗi ba lafiya, aka kai shi asibitin da ta ke aiki a Obalende. Ba ta taɓa ganin mai cutar Ebola ba, amma ilminta ya nuna mata alamun. Mutumin ya matsa sai ya fita, manyan mutane suka sa baki a sallame shi, ta ƙi. Ya rasu ran 25 ga Yuli. Aka bi sawun kusan mutum 900 waɗanda a ke tsoron cutar ta shafa, a ƙarshe mutum 20 suka kamu a Nijeriya duka, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da cutar. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa ta kashe fiye da mutum 11,000. Wanda ya san cunkoson Mushin da Oshodi, ya san yadda motocin Arewa su ke tashi daga Agege dare da rana, ya san abin da Allah ya tsare mu da shi ta hannun matar nan. Ilmi ne ya gane cutar. Amma tsayawa a ƙofa a ce ba za ka fita ba, alhali an san abin da taɓa shi zai iya jawowa, wannan ba a cikin littafin likitanci ya ke ba. Ita da tsohuwa mai barkono aiki ɗaya suka yi, kowace ta tsare ƙofa da ranta.

Sai dai ita likitar ba ta tsira ba. Cutar ta kama ta, ta rasu ran 19 ga Agusta 2014 tana da shekara 57. Ilmin da ya tsare miliyoyin mutane bai iya tsare mai shi ba. Nan ce iyaka ta uku, wadda ba mai musunta. Likita yana iya jinkirta mutuwa da izinin Allah, amma ba ya kore ta, ba ya kuma iya gaya wa mai makoki dalilin da ya sa nagari ya tafi mugu ya saura. Na sha zuwa gaisuwar mutuwa a gidajen masu digiri da gidajen masu tura baro, ban taɓa jin an yi wa uwar mamaci ta'aziyya da lissafi ba. A bakin kabari kowa sunan Allah ya ke kira.

A nan ne bangaskiyar Kirista ta ke da tata amsa, na kuwa sani a nan ne muka rabu da 'yan'uwana Musulmi, saboda haka zan faɗe ta a matsayin abin da mu muka gaskata. Manzo Bulus ya rubuta wa ikilisiyar Koranti, birnin Helenawa masu alfahari da falsafa da iya magana, ya nuna musu cewa duniya ba ta kai ga sanin Allah ta hanyar hikimarta ba, kuma labarin gicciye da masana su ke ɗauka wauta, a cikinsa ne Allah ya bayyana tasa hikimar. Wayon duniya ya ce ka tsare ranka ko da na wani zai tafi. Mu kuwa mun gaskata cewa Almasihu ya ba da ransa domin waɗansu, ya kuma tashi daga matattu, saboda haka wanda ya yi hasarar ransa a kan gaskiya ba hasara ya yi ba. Ni kaina jikan irin wannan wauta ne. Ran 4 ga Disamba 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a nan Ikko da niyyar kai bishara ƙasar Hausa. Tsofaffin mishan da suka san ƙasa suka gaya musu ba mai yiwuwa ba ne. Ba su kuwa yi ƙarya ba ta fuskar lissafi, domin kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi, daga baya ya koma gida. Sai a 1902 aka samu kafa tasha ta fari a Patigi. Daga wannan aiki ne asibitin kutaren da ya warkar da mahaifina ya samu masu kula da shi, daga shi ne kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Masu hankalin Ikko sun hango kaburbura biyu daidai, abin da ke bayan kaburburan ne ya fi ƙarfin ganinsu.

Yau duniya ta ci gaba ƙwarai. Jikokina suna riƙe da waya wadda za ta nuna musu hanya daga Mushin har Malumfashi, ta fassara Yarabanci, ta amsa tambayar da malamin makaranta zai kwana yana nema. Na gode wa Allah da wannan, ina kuma yi musu faɗa su yi karatu, domin rashin sani ya fi dare duhu. Amma da wayar nan ce a ke damfarar gwauruwa kuɗin sadakar mijinta, da ita ce kuma a ke yaɗa jita-jitar da za ta iya tada unguwa cikin sa'a guda, abin da a 2002 sai an bi gida gida. Kayan aiki sun sake, hannun da ke riƙe da su kuwa na jiya ne.

Saboda haka shawarata ga matasanmu, na majami'a da na masallaci, ita ce ku nemi ilmi iyakar ƙarfinku, ku zama likitoci da injiniyoyi da alƙalai, ku gina gada a inda babu, ku kwashe albarushi daga tsakiyar gari. Amma ku riƙe shi kamar yadda a ke riƙe amana, kuna sane da cewa akwai wanda ya ba ku, akwai kuma ranar da zai tambaya. Idan kun tsara gobe ku bar wa Mai gobe wurinsa. Idan lissafi ya nuna muku riba a cikin cutar maƙwabci, ku san lissafin ya kai iyakarsa. Manzo Yakubu ya ce wanda ya ga ya gaza a hikima ya roƙi Allah, domin shi mai bayarwa ne ba tare da gori ba, wannan ƙofa kuwa a buɗe ta ke ga shehun malami da mai tallan barkono baki ɗaya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu a Oke-Afa da Idi-Araba, ya ba iyalansu haƙuri, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.